Guguwar Rana da Ɗamarar Van Allen

1.0 Gabatarwa

Duniya tana da ƙarfin maganaɗisu da ya kewaye ta. Wannan ƙarfi yana kama ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wato ilektron da furoton, ya tsare su a sararin samaniya. Inda suka taru shi ake kira ɗamarar Van Allen, da sunan James Van Allen na Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya gano ta a 1958 da na'urar da aka ɗora wa tauraron ɗan'adam Explorer 1. Ɗamarar biyu ce: ta ciki, inda furoton masu ƙarfi suke, da ta waje, mai yawan ilektron, wadda take tsakanin kilomita 13,000 da 60,000 daga doron ƙasa.

2.0 Yadda ƙwayoyin ke samun ƙarfi

Wani lokaci rana takan yi aman iska mai zafin gaske, wadda kan iso duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ita ce guguwar rana. Hanyoyi uku take bi wajen ƙara wa ƙwayoyin ƙarfi.

Ta farko, dukan da take yi wa maganaɗisun duniya yakan matse shi farat ɗaya, ya ingiza ƙwayoyin ciki da ƙarfi. Haka aka yi ranar 24 ga Maris, 1991, da sabuwar ɗamara ta bayyana cikin mintoci kaɗan.

Ta biyu, maganaɗisun yakan ci gaba da girgiza, girgizar kuma tana janyo ƙwayoyin kusa da duniya sannu a hankali. Gwargwadon kusancinsu, gwargwadon ƙarfinsu.

Ta uku, guguwar tana tayar da igiyoyin rediyo a cikin ɗamarar kanta. Kamar yadda lilo ke ƙara tashi idan an tura shi a kan lokaci, haka igiyoyin ke tura ilektron har gudunsa ya kusa kai na haske. Tagwayen taurarin Van Allen Probes, da suka yi aiki daga 2012 zuwa 2019, sun tabbatar da wannan hanya.

3.0 Kammalawa

Ba kowace guguwa ce ke cika ɗamarar ba; wata ma kwashe ƙwayoyin take yi. Amma idan ta cika, ilektron kan ratsa jikin tauraron ɗan'adam, ya taru a ciki, ya lalata na'urorinsa. Abin da ya sami taurarin Kanada biyu, Anik E1 da E2, ke nan a Janairun 1994, har talabijin da tarho suka katse a sassan ƙasar. Shi ya sa masu ƙera taurari suke la'akari da ɗamarar tun kafin a harba su.