Idan Kilima Ko Fanka Ta Ƙi Aiki

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, zafin bazara yakan wuce digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. A lokacin ne na'urar sanyaya ɗaki, wato kilima, da fanka suka fi lalacewa.

Idan na'ura ba ta tashi ba sam, mu cire wayarta daga bango, mu duba ko ta ƙone ko ɓera ya ci ta.

Idan tana gurnani amma ba ta juyawa, mu kashe ta nan take, don kada injin ya ƙone. Sau da yawa wuta ce ta yi rauni, ko kuwa kwandansatar ta mutu. Kwandansatar ƙaramin gwangwani ce mai taimaka wa inji tashi. Tana iya riƙe wuta ko bayan an cire waya, saboda haka mu bar wa mai gyara ita.

Idan sanyin kilima ya ragu, wataƙila ƙura ce ta toshe ragarta. Mu wanke ragar, mu shanya ta.

Idan wuta ta kama mutum, kada mu taɓa shi da hannu. Mu yanke wutar, ko mu raba shi da waya da busasshiyar sanda, sannan mu kai shi likita.