Yadda majami'un Salaga da Yendi da Bawku ke rainon matasa a ƙasar da ta sha rikici

Duk ɗan kasuwar da ke kai kaya Bawku ya san cewa da zarar an sa dokar hana fita, to ciniki ya tsaya, ko da kuwa motar albasa ta riga ta yi lodi. Ya kuma san cewa matasa ake turawa gaba idan wuta ta tashi. Shi ya sa abin da ake koya wa 'yan shekara 13 zuwa 19, a makarantar allo ne ko a majami'a, ya shafi kowa.

Kiristoci tsiraru ne a Salaga da Yendi, amma sun daɗe a yankin. A 1877 Fasto David Asante na mishan ɗin Basel ya ziyarci Salaga, garin da ya yi suna da fataucin goro. Mishan ɗin ya buɗe tasha a Yendi a 1913, Turawan Ingila suka rufe ta a 1916 saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret suka sauka Yendi daga ƙasar Mosi, suka kafa cocin Assemblies of God, wanda daga baya ya kai Bawku. Can Bawku kuma, asibitin Presbyterian ya shekara da shekaru yana karɓar Musulmi da Kirista, har da masu tsallakowa daga Togo da Burkina Faso.

Kowane coci da tsarinsa na matasa. Presbyterian na da rukunin Junior Youth, Katolika na da CYO, sannan ƙungiyar Scripture Union na aiki a makarantun sakandare. Ana koyar da karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a da kamun kai, kuma an fassara littafin da Dagbani da Kusaal, ban da na Hausa da ya fito tun 1932.

To amma darasin da ya fi nauyi shi ne na yafiya. A tauhidin Kirista, Allah Ya yafe wa mutum ta wurin Yesu Almasihu, don haka mai bi ba shi da hurumin ramuwa, kuma ana buƙatar ya ƙaunaci maƙiyinsa. Faɗin haka da sauƙi, amma ba ga yaron da iyayensa suka ga yaƙin 1994 da ya ƙona garuruwa a yankin Salaga da Yendi ba, ko wanda ya taso bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II a 2002. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya kai har cikin makaranta a Yulin 2025, inda aka harbe ɗalibi a babbar sakandaren garin. Wani lokaci 'ya'yan ɓangarori biyu kan haɗu a aji guda, kuma nan ake gane ko wa'azi ya shiga.

Dattawa sun nuna hanya. Bishop Vincent Boi-Nai, wanda ya fara riƙe dayosis ɗin Katolika na Yendi a 1999, ya yi suna wajen sasanta gidajen Abudu da Andani. A 2019 kuma Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Christ the King a Akara ranar Ista.

Saura ku, 'yan kasuwa. Yaron da ke muku dako ko jiran rumfa, ko Kirista ne ko Musulmi, a bar shi ya je wurin malaminsa, kada kuma a ba shi kuɗin tayar da fitina. Allah Ya zaunar da mu lafiya.