Sarauniya Kilitamnestira da Bashin Jini

Ka san irin gidan da wa da ƙane ke auren ya da ƙanwa? To, mu fara daga nan. A tatsuniyoyin Girkawan dā, Agamemnon sarkin Maisini ya auri Kilitamnestira, ƙanensa Menelawus kuma ya auri 'yar'uwarta Helen. Uwarsu ɗaya, Leda, matar sarkin Siparta. Da Faris ɗan sarkin Turoyi ya gudu da Helen, abin ya zama na cikin gida, Agamemnon ya tara rundunar Girka.

A tashar Awlis jiragen ruwa suka tsaya cik, iska ta ƙi kaɗawa. Boka Kalkas ya ce abar bautarsu Atemis ce ta yi fushi, ba za ta huce ba sai an yanka Ifijiniya, 'yar Agamemnon. Tsaya nan ka lura da kyau, don nan ne tushen komai. Agamemnon ya aika wa matarsa saƙo cewa za a ɗaura wa yarinyar aure da jarumi Akilis. Aka kawo amarya da murna, ashe wuƙa ce ke jiranta.

Shekara 10 ana yaƙi, uwa tana haɗiye baƙin ciki. Ta jawo Egistus, ɗan baffan mijinta, suka zama masoya. Shi ma yana bin gidan bashi, domin Atiriyus, mahaifin Agamemnon, ya taɓa dafa 'ya'yan ɗan'uwansa Tiyestis ya ba shi ya ci, Tiyestis kuwa shi ne uban Egistus. Ka ga masu bin bashi biyu sun haɗu a ɗaki ɗaya.

Ranar da sarki ya dawo, ta shimfiɗa masa jan yadi ya taka har cikin fada. Yana wanka ta lulluɓe shi da mayafin da ya kasa warwarewa, ta kashe shi, ta haɗa da Kasandira da ya kamo daga Turoyi.

Ɗanta Orestis ya shiga tsaka mai wuya: barin jinin uba abin kunya ne, ramawa kuma kisan uwa ne. Ya rama bisa umarnin abin bautarsu Afolo, aljanun ramuwa suka bi shi har Atens.

A wasan kwaikwayon da marubuci Eskilus ya nuna a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, kotu ce ta raba gardama. Ƙuri'u suka yi kunnen doki, goyon bayan abar bautarsu Atina ya kuɓutar da Orestis. Hujjar da Afolo ya kawo don kare shi dai ba ta gamsar da ni ba, wai uwa rainon iri kawai take yi, uba ne mahaifi. Maganar Ifijiniya kuwa, ba wanda ya tayar da ita a zaman shari'ar.