Doka kaɗan, hali kala-kala

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maradi tare da ƙungiyar CARE, sauƙin tsarin ne ya riƙe tafiyar: akwati guda, makulli uku a hannun mata uku, zubi kowane mako, a ƙirga kuɗi a gaban kowa. Yawancin matan farko ba su shiga lakkol ba, da ka suke riƙe lissafi, amma ga shi tsarin ya ƙetare iyaka har ƙasashe da dama.

Yau da yawanmu mun yi yaƙi da jahilci, alhamdu lillahi. Sai dai alƙalami yana da jaraba. Da shugaba ta iya rubutu, sai dokoki su yi ta haihuwa: tarar makara, tarar surutu, tarar ƙarar waya, sharaɗin bashi shafi biyu. Ranar rabo kuwa mace biyu ko uku kaɗai suka gane lissafin, sauran sun yi shiru, kuma irin wannan shirun ne ke komawa zargi a bakin rijiya. Mu ma'auninmu guda ne. In Iya, wadda ta fi kowa shekaru a cikinmu, ba za ta iya maimaita doka da bakinta ba, dokar ta yi tsawo, a rage ta.

Doka dai ɗaya ce ga kowa. Hali ne ba ɗaya ba, kuma nan aikin shugaba yake.

Ku dubi mata biyu da suka makara da biyan bashin jika goma. Ta farko, in ba a faɗa mata a gaban taro ba, sai ta ɗauka wasa ne. Ta biyu, in aka ambaci sunanta cikin mutane, kunya za ta hana ta dawowa, a rasa kuɗin a rasa mutum. Wannan gida ake bin ta, bayan la'asar, a ce: “Yaya, me ya faru? Yaya za mu yi?” Tararsu daidai take, ko dala ba za a rage wa ɗaya ba. Hanyar magana ce ta bambanta.

Haka wajen raba aiki. Mai tsanani, wadda ake cewa ba ta da wasa, ita ta dace da ƙirgar kuɗi. Mai yawan magana (kowace ƙungiya tana da tata!) kada a yi ta kwaɓarta, a aike ta kiran taro, ko neman farashin gero a kasuwa. Mai riƙon makulli kuma a nemi wadda ba a juya ta, ko da mijinta ne ya matsa.

Masu shiru su ne muka fi saurin mantawa. Kafin a yanke shawarar ba da bashi, mukan zagaya da tambaya ɗaya bayan ɗaya, mu fara daga wadda ba ta ce uffan ba tun da aka buɗe akwati.