Tsohuwar Kwamfuta da Tafintanta

A Zangon Agege, daf da layin dogo, akwai wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, inda ɗan maƙwabcinmu ke tura wa mutane fina-finan Hausa da waƙoƙi da karatun malamai a memori. Jarinsa kaf kwamfuta ce ɗaya ta tebur, ƙirar Dell, 'yar gwanjo da ya ɗauko a Computer Village ta Ikeja. A jikinta har yau akwai tambarin Windows 7 Professional, da wata lamba da aka manna mai nuna cewa ta yi aikin ofis a Turai kafin a sallame ta. Fankarta na gurnani kamar ƙaramin janareta, amma ita ke ciyar da gidansu.

Rannan ina zaune ina jira a zuba mini tafsiri, sai ga wani dattijo mai goro da filash a hannu. Bidiyon saukar Alƙur'anin jikansa ne, ɗansa ya ɗauka da iPhone a Katsina. Yaro ya soka filash, ya danna. Muryar yara ta tashi raɗau, allo kuwa baƙi ƙirin.

"Ɗana, ko injin naka ya makance ne?"

"A'a Baba, idonsa ƙalau. Yaren hoton ne ba ya ji."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan dacewa ba, kuma a Agege ya fi ko'ina ma'ana. Kakannin mutanen unguwar nan fataucin goro da shanu ya kawo su, jirgin ƙasa da ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912 ya buɗe musu hanya. Baƙo zai sauka da Hausarsa zalla, manomin goro kuma Yarbanci kaɗai ya iya. Kaya na nan, kuɗi na nan, amma ciniki ba zai faɗa ba sai fatoma ya sa yaronsa mai jin baki biyu ya tsaya a tsakani. Abin da masana ke kira kodek shi ne wannan yaron. Bidiyo ɗanye ya fi ƙarfin kowane memori, don haka waya ke ƙudundune shi ta wata dabara kafin ta ajiye, kuma sai wanda ya san dabarar ne zai iya warware shi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne sunan fayil. Za ka ji ana cewa ai MP4 ne, jiya ma MP4 ta buɗe, yau me ya same ta? To, MP4 da MKV da AVI ambulan ne kawai. Wasiƙar da ke ciki tana iya zama da boko, tana iya zama da ajami, kuma a ambulan guda takarda biyu ce, ta sauti da ta hoto. Windows 7 ta fito a 2009, ta zo da sanin H.264, salon da aka kafa tun 2003. HEVC kuwa sai 2013 aka haife shi, da nufin rage nauyin bidiyo kusan rabi ba tare da hoto ya dushe ba, kuma daga 2017 wayoyin Apple suka rungume shi. Kwamfutar yaron nan ta karanta takardar sauti, ta tsaya tana kallon ta hoto kamar ɗan boko da allon makarantar tsangaya. Windows XP ta 2001 ma ta fi shiga uku, ko H.264 ba ta ji sai an ƙara mata.

Ba kuma mantuwa ce kaɗai ba, akwai kuɗi a ciki. Yawancin waɗannan salon akwai masu haƙƙin mallakarsu, kuma la'ada suke karɓa. Ko a Windows 10 sai ka ga ana neman kimanin dala ɗaya kafin a ba ka tafintan HEVC. Wasu injinan da suka fito daga Turai kuma da gangan aka turo su ba baki: a 2004 Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497, ta tilasta masa fitar da Windows marar Media Player, wadda ake gane ta da harafin N a ƙarshen suna. Wanda ya sayi irinta a Computer Village bai sani ba, sai ya yi ta zagin mai shago.

Hanyoyin fita ba su da wuya, amma halinsu ya bambanta. Akwai masu zuba K-Lite Codec Pack, wato ka ɗauko tafintoci gari guda ka zaunar a zaure, duk manhajar da ke gidan ta amfana da su. Yana aiki, in dai shi kaɗai ne. Matsalar mutanenmu ita ce haɗama: a sa wannan, a ƙara wancan, a kuma ƙaro na uku da wani ya ce ya fi. Duk wanda ya taɓa ganin dillalai uku a kan huhun goro ɗaya ya san yadda ake ƙarewa. Kowa na jan baƙo, ciniki ya watse, bidiyon da ke buɗewa jiya yau ya ƙi.

Ni dai VLC na fi yarda da ita, mai alamar mazugin nan ruwan lemo irin na kan titi. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka faro ta a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001. Ita baƙuwa ce da ke tafe da tafintanta, ba ta roƙon na maigida, ba ta kuma taɓa masa tsarin gida. Zubinta na 3.0 da ya fito a 2018 har XP yana hawa. Da tsohuwar zuma ake magani, in an samu mai haɗawa.

Akwai kuma tafintan ƙarya, irin mutumin da ke tarbar baƙo a tasha yana washe baki yana karɓar jaka. Wani shafi zai ce maka sai ka sauke kodek kaza kafin fim ya buɗe, ka danna, ɓarawo ya shigo. Ga gidan ba maigadi, domin Microsoft ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Injin da filash hamsin ke shiga cikinsa a yini, ban ga dalilin barinsa a intanet ba.

Yaron ya buɗe bidiyon da VLC. Hoto ya fito, ga jika da farar riga da allo a hannu. Sai dai baki na motsi, murya ta riga ta yi gaba, hoton na tafiya yana tsayawa kamar motar haya a cunkoson Pen Cinema kafin a yi gada. Tafinta ya ji yaren sarai, tsohuwar kwamfutar ce kunnenta ya yi nauyi: sababbin injina na da sashe na musamman da ke warware HEVC, wannan kuwa da ƙwaƙwalwarta tsura take fama. A nan babu dabara sai a sake rubuta wasiƙar da yaren da ta saba. Ya jefa fayil ɗin cikin Format Factory, ya zaɓi H.264, ya rage girman hoto yadda ƙaramar wayar dattijon ma za ta ɗauka.

"Baba, sai dai ku je ku yi La'asar ku dawo, tsohuwa ba ta son gaggawa."

Dattijo ya yi dariya, ya zaro farin goro daga aljihu ya ajiye a kan kwamfutar, ya ce a ba ta ta ɗan taɓa, ko ta ji ƙarfin aiki.