Gwajin Kolinestares: Abin da Jini ke Faɗa Game da Maganin Feshi da Hanta

Duk lokacin da jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, sai ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Da zarar saƙo ya isa, dole a wargaza sinadarin nan take, in ba haka ba tsoka ba za ta saki ba. Mai wannan aikin shi ne kolinestares, ɗaya daga cikin sinadaran jiki da ake kira inzayim.

Magungunan ƙwari na rukunin oganofosfet, irin su dikilobos da malatiyon da kulofirifos, shi suke kamawa su ɗaure. Haka suke kashe ƙwaro, haka kuma suke yi wa mutum. Dikilobos ba baƙo ba ne a wurinmu: shi ne a cikin Sniper, shi ne kuma jigon fiya-fiya da ake fesa wa sauro, har wasu na zuba wa wake a buhu don gudun ƙwari. Idan gubar ta yi yawa a jiki, sai yawu ya riƙa dalala, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai da gudawa, tsoka na ɓari, ƙirji ya cika da majina. A irin wannan hali likita ba ya jiran sakamakon gwaji, allurar atirofin yake fara yi.

Amfanin gwajin ya fi bayyana tun kafin a kai ga haka. Kolinestares iri biyu ne a jini. Akwai na jikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda iri ɗaya ne da na jijiyoyi, shi ya sa ya fi nuna halin da jijiyoyin ke ciki. Amma dawowarsa da nawa, kusan kashi 1 cikin 100 a rana, don sai jiki ya ƙera sababbin ƙwayoyi. Akwai kuma na cikin ruwan jini, wanda hanta ke yi. Shi ya fi saurin faɗuwa, cikin 'yan makonni kuma ya farfaɗo. Yawancin ɗakunan gwaji na bin hanyar da George Ellman da abokan aikinsa suka fitar a 1961: jinin da inzayim ɗinsa ke aiki sosai yakan mayar da ruwan gwaji rawaya da sauri.

Sai dai lambar da aka samu ita kaɗai ba ta cika gaya wa likita komai ba. Mutum biyu lafiyayyu na iya bambanta ƙwarai, har wanda ya yi asarar sulusin nasa ya ci gaba da zama cikin adadin da takarda ta ce daidai ne. Saboda haka ake auna mai feshi tun kafin ya fara aiki, a ajiye sakamakon a matsayin ma'auninsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce tun 1974. Idan kolinestares ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na ma'aunin farko, a binciki yadda mutumin ke aiki. Idan na jajayen ƙwayoyi ya kai kashi 70, ko na ruwan jini kashi 60, a janye shi daga feshi sai ya koma 80. Ɗan ƙwadagon da ke goya famfon feshi a gonar tumatir a Kadawa, ba takunkumi ba safar hannu, shi ya fi kowa buƙatar irin wannan tsari.

Hanta kan rikita lissafin. Tunda ita ke ƙera na ruwan jini, idan ta ƙanƙance ko ciwo ya ci ta, sai ya ragu ko da mutum bai taɓa kusantar maganin feshi ba. Nan ya saɓa da inzayim irin su ALT da AST, waɗanda hauhawa suke yi in hanta ta ji rauni. Tamowa da juna biyu ma suna rage kolinestares na ruwan jini. Magungunan ƙwari na rukunin kabamet kuwa, su ma suna ɗaure kolinestares, amma sukan saki inzayim ɗin cikin sa'o'i, don haka jinin da aka yi jinkirin aunawa sai ya fito kamar ba komai.

Akwai kuma waɗanda suka gaji raunin kolinestares na ruwan jini daga iyaye. Lafiyarsu ƙalau, sai ranar tiyata, in aka ba su suksametoniyam, maganin sassauta tsoka da kan bar jiki cikin 'yan mintoci. Sukan yi sa'o'i ba sa iya numfashi da kansu, sai da inji. In an gano haka ga mutum ɗaya, akan shawarci 'yan uwansa na jini su ma a auna su.