Kiɗan Amada da Irin Dawa

Tambayi manomi a ƙauyukan Ɗambatta inda ya samo dawar da yake shukawa, zai ce maka ai kaurar gidan wane ce. Je gidan wanen, su ce kakarsu ce ta zo da ita daga wajen Kazaure. Can ma gaba za a tura ka. Duk kaka ana ware zangarniyar da ta fi cika ido a adana, maƙwabci ya roƙi tiya guda, shi ke nan iri ya ɗauki sunan wanda aka karɓa a hannunsa.

Haka kiɗan amada yake. Da an ji ƙwarya ta ɗauka sai a ce na Barmani Choge ne. Alhali Hajiya Sa'adatu Barmani, 'yar Gwaigwayi ta ƙasar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tarar da shi ta yi. Matan cikin gida ke abinsu ranar suna da wunin biki: a zuba ruwa a babban mazubi, a kifa ƙwarya a kai, ita ke ba da amon nan mai kauri da ke taɓa ƙirji. Ƙananan ƙorai kuma ana kaɗa su da 'yan sanduna, zabiya na bayarwa, sauran na amshi. Tun can baya ma ƙwarya ake kaɗa wa matan bori. Barmani da Uwaliya Mai Amada ta Kano zaɓen iri suka yi, kuma sun iya zaɓe: suka ɗora habaicin kishiya da kiran mata su kama sana'a, rediyo da kaset suka kai shi gari-gari.

Turawa ma suna da wannan rigimar. A 1651 John Playford ya buga littafin raye-rayen Ingila a Landan, rawa sama da ɗari, aka kuma gano wasu kiɗe-kiɗen cikinsa sun girme shi nesa ba kusa ba. Mu kuwa, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kiɗe-kiɗen Hausa a 1971, amma suna daban, amo daban.

Shi ya sa mai neman tushen amada ya fara da tsofaffin da suka yi wunin biki kafin zuwan kaset, ya nemo musu ƙwarya da ruwa, ya kunna na'urar ɗaukar murya. Ya kuwa hanzarta, don gidajen biki da yawa yanzu DJ suke ɗauka.